Sharhi kan ajin hutu da ke koya wa yara haɗa wasan kwamfuta a Bauchi

A dogon hutun da ya gabata, wata cibiyar kwamfuta da ke wajen Yelwa a garin Bauchi ta buɗe aji na musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 14, inda ta yi alkawarin koya musu tsara wasan kwamfuta mai sauƙi, irin wanda abu yake bayyana a kan allo mai wasa ya yi sauri ya taɓa shi ya samu maki. Na sanya 'yata mai shekara 10 da ɗan wana mai shekara 12, kuma da yake cibiyar ta yarda iyaye su zauna a bayan aji idan suna so, na samu damar ganin yadda darasin yake gudana. Irin waɗannan tallace-tallace sun yawaita a zaurukan WhatsApp na iyayen yara, kuma mafi yawanmu muna biyan kuɗi ne ba tare da sanin abin da ake yi a ciki ba. Hukuncina a taƙaice shi ne ajin ya cancanci kuɗinsa, sai dai dalilin cancantar ya sha bamban da abin da aka rubuta a takardar talla.

Wurin da kansa cibiyar rubuta jarrabawa ce. Tun daga shekarar 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, irin waɗannan ɗakuna suka yawaita a manyan garuruwa, kuma da zarar lokacin jarrabawa ya wuce sai kwamfutocin su zauna babu aiki. Amfani da su wajen koyar da yara a lokacin hutu dabara ce mai kyau, amma ɗakin an tsara shi ne domin hana satar amsa, saboda haka akwai katako tsakanin kujera da kujera, alhali aikin da aka kawo yaran su yi yana buƙatar su leƙa allon juna su yi musu. Kujerun ma na manya ne, har ƙananan yaran sai sun durƙusa a kai kafin hannunsu ya kai linzamin kwamfuta sosai. Ta fuskar wuta ba ni da ƙorafi, domin akwai sola, akwai kuma janareta da ake tayarwa idan hadari ya rufe rana.

Manhajar da ake koyarwa da ita ita ce Scratch, kuma ya kamata kowane uba ya san wani abu game da ita kafin ya biya ko sisi. Wani rukunin masu bincike ne a jami'ar MIT da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, suka ƙirƙire ta, aka sake ta ga jama'a a 2007, sannan sigarta ta uku, wadda ake amfani da ita yanzu, ta fito a watan Janairun 2019. An yi ta ne musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma kyauta ce. Duk wanda yake da kwamfuta zai iya sauke ta sau ɗaya ya ci gaba da aiki da ita ba tare da intanet ba. Ke nan idan wata cibiya ta karɓi kuɗinka, ba manhajar ta sayar maka ba. Abin da ka saya shi ne kujera da wuta da kuma malami, kuma a cikin ukun nan malamin ne kaɗai ya bambanta wani aji da wani.

A Scratch yaro ba ya rubuta umarni da haruffa. Umarnan suna nan a gefen allo a matsayin tubala masu launi, shuɗi na motsi, rawaya na abubuwan da ke tayar da aiki, ruwan lemo na maimaitawa da sharaɗi, sai yaro ya jawo su ya jera ɗaya ƙarƙashin ɗaya su manne. Tubalin da bai dace da wuri ba ba ya shiga, saboda haka yaro ya tsira daga irin kuskuren da ke kashe wa manya gwiwa a kodin na rubutu, wato a manta da waƙafi ɗaya aiki duka ya tsaya. Abin da ya rage masa shi ne kuskuren tunani, kuma a kansa ne malamin wannan aji ya gina darasinsa.

Malamin matashi ne, ga alama bai daɗe da gama karatu ba, kuma abin da ya fara yi bai yi wa wasu iyaye daɗi ba. Kwanakin farko bai bari an kunna kwamfuta ba sai a ƙarshen darasi. Ya raba wa yaran takarda da fensir, ya ce kowa ya zana wasansa, ya kuma rubuta amsar wasu tambayoyi da Hausa ko Turanci, wanda ya fi masa sauƙi: mene ne za a taɓa, me zai faru idan an taɓa shi, me zai sa wasan ya yi wuya, kuma yaushe zai ƙare. Na ji wani uba yana cewa shi bai biya kuɗi don a koya wa ɗansa zane ba. Malamin ya amsa masa cikin ladabi da cewa, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa, wanda bai san ƙarshen wasansa a takarda ba zai yini yana jan tubala ne kawai." Abin da na gani daga baya ya gaskata shi, domin yaran da suka yi wa takardar riƙon sakainar kashi su ne suka ɓata lokaci suna canza launin magen da Scratch take buɗewa da ita, har aka tashi ba su haɗa komai ba.

Ya kuma hana su ɗaukar hotuna daga rumbun manhajar a wasansu na farko, ya ce kowa ya zana abin da ya sani. Wani yaro ya yi wasan kashe sauro, wata yarinya ta yi masa tana tsalle daga tanda sai an cafke ta kafin ta ƙone, wani ya yi kamun fara. 'Yata, wadda ba ta manta da yadda wani gwaggon biri ya fizge mata leda a sansanin Wikki da ke Yankari ba, ta yanke shawarar cewa a wasanta birin zai riƙa ɓullowa nan da can, mai wasa kuma ya kore shi kafin ya saci abinci. Birin da ta zana ya fi kama da kare, amma babu wanda ya ce mata ta gyara.

Ginin farko bai ɗauki lokaci ba. Ta sa tubalin da ke cewa idan an danna koriyar tuta a fara, ƙarƙashinsa ta sa na maimaitawa har abada, a cikinsa kuma tubala biyu, ɗaya yana tura birin wani wuri da ka, ɗaya yana sa shi ya jira daƙiƙa 1. A gefe guda ta sa wani jeri mai cewa idan an taɓa birin a ƙara 1 a kan maki. Tubala shida ke nan, kuma wasa ya samu. A nan ne wani darasin lissafi ya shigo ba tare da an gayyace shi ba. Fagen Scratch, wato filin da wasan yake bayyana a kai, faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360, kuma sifiri yana tsakiya, saboda haka daga hagu zuwa dama lambobin suna tafiya ne daga -240 zuwa 240, daga ƙasa zuwa sama kuma daga -180 zuwa 180. Yarinyar da ba ta saba da lambobin ƙasa da sifiri a makaranta ba sai ga ta tana jan biri zuwa hagu tana kallon lambar tana raguwa har ta wuce sifiri, kuma da ta so birin ya daina hawa sararin sama ya tsaya a kan ciyawa, ita da kanta ta gano cewa sai ta taƙaita lambar tsaye tsakanin -150 da 0.

Sashen da ya fi kowane daraja a wurina shi ne na neman kuskure, kuma a kansa zan ɗan tsaya. Malamin yana da wata doka, cewa wanda ya gama sai ya tashi ya ba wani ya gwada wasansa, shi kuma ya tsaya a baya ya yi shiru. Ɗan wana ne ya zauna a kan wasan birin, kuma cikin ɗan lokaci ya gano cewa tunda birin yana tsayawa daƙiƙa guda a wuri ɗaya, zai iya danna shi sau huɗu ko biyar kafin ya matsa, kowace dannawa da makinta. Ya tara maki masu yawa yana dariya, ita kuma ta ce ya yi maguɗi. Malamin ya ce mata ba maguɗi ya yi ba, ƙa'idar da ta rubuta ce ta ba shi dama, ya tambaye ta abin da ya kamata ya faru da birin da zarar an taɓa shi. Ta ce ya ɓace. Ta sa tubalin ɓoyewa, ta danna koriyar tuta, ta taɓa birin, ya ɓace, bai kuma sake dawowa ba. Ta tsayar da wasan ta sake farawa, fagen ya kasance babu kowa, domin Scratch tana riƙe da halin da aka bar abu a ciki, wanda aka ɓoye yana nan a ɓoye har sai an umarce shi da ya fito. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, birina ya gudu." Bai taɓa linzaminta ba. Ya ce ta karanta masa tubalanta da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, ta nuna masa inda ta ce wa birin ya dawo. Tana cikin karantawa ta tsaya, ta jawo tubalin bayyana ta saka shi a cikin na maimaitawa, bayan wanda ke canza wuri.

Kuskuren maki kuwa kusan duk ajin ya faɗa masa. Yaro zai gama wasa da maki 17, ya sake farawa, sai ya ga lissafin ya ci gaba daga 17. Malamin ya kwatanta musu ma'ajin makin da allon karatu, wanda sai an wanke shi kafin a ɗora sabon rubutu, daga nan kowa ya je ya sa tubalin mayar da maki sifiri a ƙarƙashin koriyar tuta. Akwai kuma wata matsala da ba laifin yaran ba ce. Idan ana cikin shafin gyara, yaron da hannunsa bai saba ba yakan danna ya ɗan ja linzamin, sai manhajar ta ɗauka yana son ya matsar da hoton ne, ta ja shi maimakon ta ba da maki. Maganin shi ne a buɗe wasan ya cika allo kafin a gwada, kuma na lura an ɗauki lokaci kafin a gaya wa yaran haka, alhali abu ne da ya kamata a faɗa tun ranar farko.

Bayan an sa agogo mai ƙirga daƙiƙa 30 zuwa sifiri ya tsayar da komai, sai aka zo kan tambayar da ta raba mai haɗa wasa da mai kwaikwayo, wato yadda za a sa wasan ya ƙara wuya. Ɗan wana, wanda shi ne ya yi na kamun fara, ya buɗe wani ma'aji ya sa masa suna jinkiri, ya fara shi da daƙiƙa 1.5, ya ce duk lokacin da aka kama fara a rage 0.1. Da farko abin ya yi kyau, amma bayan kamu 15 jinkirin ya ƙare, farar ta koma walƙiya a kan allo babu mai iya taɓa ta. Sai a lokacin malamin ya nuna masa tubalin sharaɗi, ya rubuta cewa a rage jinkirin ne kawai idan ya haura 0.4. Na yaba da wannan tsari ƙwarai. Da an fara da bayanin sharaɗi a kan farin allo tun farko, da yaran sun haddace sun manta, amma da yake farar ce ta tilasta masa neman mafita, har yau yana iya bayyana dalilin wannan tubali.

Ajin yana da naƙasu, kuma wasunsu manya ne. Babba a ciki shi ne mataimakin malamin, wanda hanyarsa ta saɓa wa ta maigidansa gaba ɗaya. Da zarar yaro ya ɗaga hannu sai ya zo ya karɓe linzamin, ya gyara tubalan cikin gaggawa, ya wuce. Wasan yakan yi aiki, yaron ya yi murna, amma idan ka tambaye shi abin da aka canza sai ya yi shiru. Yaran da suke layin da yake kula da shi sun gama da wasanni masu kyau da ba su san cikinsu ba. Na yi wa mai cibiyar magana, ya ce zai duba, sai dai ban ga wani sauyi ba har aka rufe ajin.

Haɗa 'yan shekara 8 da 'yan shekara 14 a aji ɗaya shi ma kuskure ne. Manyan sun gama da wuri suka fara gundura, ƙananan kuma wasunsu ba su taɓa riƙe linzami ba, sun saba da taɓa fuskar waya da yatsa, har na ga wani yana dangwala allon kwamfutar yana mamakin rashin motsinsa. A ranakun da wasu kwamfutoci suka ƙi tashi aka zaunar da yara biyu-biyu, wanda ya fi ƙarfi shi yake riƙe linzamin har a tashi, kuma sau da yawa 'yan matan ne suke komawa 'yan kallo. Wannan abu ne da agogo kawai zai magance, a ce duk bayan minti goma a yi musanya. Game da harshe, rubutun da ke kan tubalan da aka yi amfani da su na Turanci ne, malamin kuma yana bayani da Hausa yana haɗawa da Turanci, abin da ya taimaka wa yaran da suka fito daga makarantun da Turancinsu bai yi ƙarfi ba. Sauti ma ya samu tangarɗa, domin kwamfutocin jarrabawa ba su da makirufo, sai da yaran suka yi layi a gaban kwamfutar malamin kafin kowa ya naɗi muryarsa. 'Yata ta naɗi "Kai!" da ƙarfi, shi ne abin da ake ji duk lokacin da aka kori birin.

Inda nake ganin cibiyar ta yi wa iyaye ba daidai ba shi ne takardar talla, wadda ta ce yaro zai haɗa manhajar waya. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da Scratch take fitarwa fayil ne da ake buɗewa a cikin Scratch, ba manhaja ba ce da za a tura wa kawu ya sanya a wayarsa. Hasali ma sigar Scratch ta Android an yi ta ne domin kwamfutar hannu mai faɗin allo, ba domin waya ba. Wanda yake son ɗansa ya haɗa abin da zai zauna a wayar Android, hanyar da ta fi kusa ita ce App Inventor, wadda Google ya fara sannan ta koma hannun MIT, kuma ita ma da tubala ake aiki da ita, sai dai ta fi dacewa da yaran da suka girma suka kuma riga suka saba da tunanin da Scratch take koyarwa. Ga 'yan shekara 5 zuwa 7 kuwa akwai ScratchJr, wadda ta fito a 2014, tubalanta hotuna ne babu rubutu, kuma da cibiyar ta tanadi 'yan kwamfutocin hannu, da ita ta fi dacewa da ƙananan da suka sha wahala a ajin.

Wannan ya kai mu ga matsalar da ta fi ƙarfin cibiyar, wato abin da zai faru bayan an rufe aji. Gidaje da yawa a Bauchi suna da waya mai kyau amma ba su da kwamfuta, kuma abin da yaro ya koya a 'yan makonni zai dushe idan ba ya taɓa shi. Cibiyar ba ta yi wani tanadi ba, ko da buɗe ɗakin ne ranar Asabar a kan kuɗi kaɗan ga waɗanda suka gama. Ba ta ma tuna wa iyaye su kawo filash ba, ga shi kuma kwamfutocin jarrabawa ana share su, saboda haka na tabbata wasu yaran sun rabu da aikinsu ke nan. Mu da muka zo da filash mun kwashi namu, na kuma sauke manhajar a tsohuwar kwamfutata ta aiki, tana tafiya lafiya ba tare da data ba. Game da shafin Scratch na intanet, inda yara daga ƙasashe daban-daban suke baje wasanninsu kowa yana iya buɗe cikin na wani ya ga yadda aka haɗa shi, wuri ne mai amfani sosai wajen koyo, amma akwai sashen sharhi da hira da baƙi, don haka ina ganin ya fi kyau uba ko uwa su kasance a kusa idan yaro zai shiga.

Kuɗin ajin ya yi kusa da abin da ake biyan malamin lesin na wata guda, kuma an haɗa da takardar shaida mai ƙyalli wadda ba na jin tana da wani amfani. Ranar rufewa an gayyaci iyaye su buga wasannin, a nan ne na yi wani ɗan gwaji da nake ba kowane uba shawarar ya yi, ko a wannan cibiya ko a wata. Kada ka tsaya a kallon wasan yana aiki. Ka ce wa yaron ya canza maka wani abu a gabanka, misali ya mayar da lokacin daƙiƙa 20, ko ya sa a rage maki ɗaya idan an taɓa fili maimakon birin. Na nemi na biyun daga 'yata. Ta ɗan yi tunani, ta koma kan fagen, ta jawo tubalin da ke aiki idan an danna fage, ta haɗa shi da na canza maki, ta rubuta -1. Yaron da ke kusa da ita, wanda yake layin mataimakin, da mahaifinsa ya nemi irin wannan sai ya waiga yana neman wanda zai zo ya yi masa.

Zan ba da shawarar wannan aji ga yaron da ya kai shekara 9 zuwa 12, wanda yake iya karanta gajeren Turanci, musamman idan akwai kwamfuta a gida ko a wurin wani ɗan'uwa da zai ci gaba da aiki a kai. Kafin a biya, a nemi sanin wanda zai koyar da kansa, a tambaya ko kowane yaro zai samu kwamfutarsa, a kuma roƙi a zaunar da yaron a layin da babban malamin yake kula da shi. Wanda ɗansa bai kai shekara 9 ba gara ya dakata zuwa wani hutun, wanda kuma ɗansa ya haura 13 ya tambaya ko akwai aji na gaba da ya wuce wasan taɓawa, domin a halin yanzu cibiyar ba ta da shi.